Na-Iya da Gwangwanin Rarar Noti

Ba wanda ya raɗa masa suna Na-Iya sai bakinsa. In mota ta mace a bakin titi, kafin direba ya fito ya riga ya ce, "Ai wannan na iya." In ana hirar masu tuƙa jirgin sama, sai ya gyara zama ya ce ba don ciwon baya ba, da tuni yana can cikin gajimare. Furfura ta fara leƙo masa a gemu, tumbi ya ɗan turo riga, amma har yanzu aikinsa a duniya guda ne: zaman benci a shagon kayan gini na ƙaninsa Auta, yana miƙo bokitin fenti yana yi wa masu saye sannu da zuwa.

Abin yana ci masa rai. Shi ya goyi Auta, shi ya share masa majina, yau ga shi Auta ne ke cewa, "Yaya, ɗan miƙo min wancan."

Wata rana da hantsi rediyon shagon yana ta surutu, sai wani mai jawabi ya ce, "Kowane ɗan Adam da baiwarsa. Ka tuna abin da kake yi kana yaro ba tare da an sa ka ba, har a kira ka cin abinci ba ka ji ba. To, nan sana'arka take kwance tana jiranka."

Na-Iya ya miƙe zumbur har kwalin ƙusa ya kife.

"Auta! Agogon Baba!"

"Wane agogo, Yaya?"

"Na bango mana. Ka manta na buɗe shi tas da wutsiyar cokali, ina ɗan mitsitsi?"

"Na tuna. Na kuma tuna tun daga ranar bai sake motsi ba."

"Dukan da aka yi min ne ya katse aikin. Da an bar ni, da yanzu agogon nan har magana yake yi. Ashe ni likitan inji ne, aka ajiye ni ina gadin fenti!"

Mai aski, wanda shagonsa ke jikin na Auta, ya leƙo da kai don kada labari ya wuce shi. Ganin an sami ɗan kallo, sai bakin Na-Iya ya ƙara mai. Ya nuna bencin da yatsa.

"Mai aski, ka zama shaida. In na sake ɗora mazaunaina a kan bencin nan, daga ranar Auta ne Yaya, ni ne ƙane. A gaban jama'a zan rusuna in ce masa, 'Yaya, ina kwana.'"

"Na shaida," in ji mai aski, bakinsa har kunne.

Auta ya ɗauki tsumma ya goge bencin a hankali. "Allah ya ba da sa'a, Yaya. Ni dai ba zan ɗauke shi ba. Kullum zan riƙa kakkaɓe maka ƙura."

Sai da Na-Iya ya yi nisa a hanya, zafin kai ya ɗan sauka, sannan ya ce a ransa, "Kai, bakin nan, wata rana sai ka sa an ɗaure mu." Amma magana ta riga ta fita, kuma mai aski ya ji, wato duk unguwa ta ji.

Washegari ya kafa tebur a ƙarƙashin matakalar gidan hayar da yake zaune da iyalinsa. Ya jera sifana da filaya da sukundireba, ya saka farar doguwar riga, ya rataya guntun tiyo a wuya, wai da shi zai riƙa sauraron cikin inji. A bango ya rubuta da ragowar fentin Auta: ASIBITIN INJI, BA MA MAYAR DA MARAR LAFIYA.

Matarsa, wadda tela ce, ta sauko ta karanta, ta dube shi sama da ƙasa.

"Baban yara, wannan rigar ba ta zuwa gaisuwa ba ce?"

"Yau ta sami aikin da ya dace da ita."

"To. Ni dai kekena lafiyarsa lau, ka ji ko? Ko tari ba ya yi."

Marar lafiya na farko fankar mai gidan hayar ce, wani dattijo da kowa ke kira Baba Mai Gida, wanda in ya ji abu kyauta ne har gudu yake yi duk da ciwon gwiwa. Fankar ba abin da ya same ta sai ɗan ƙas-ƙas in tana juya kai. Na-Iya ya ɗora mata tiyo, ya lumshe ido, ya girgiza kai.

"Baba, da ka ƙara kwana ɗaya da ita, da sai dai gaisuwa."

A nan fa, gaskiya ɗaya ce, hannunsa ya yi abin mamaki. Kafin Baba ya gama gyara zama, fanka ta zama tarin kaya a kan tebur. Notin da ya yi tsatsa tun zamanin da aka gina gidan, Na-Iya ya ɗan ƙwanƙwasa shi, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, sai ga shi ya kwance kamar an roƙe shi. Wani daɗi ya ratsa shi har tafin ƙafa. Bai taɓa jin irinsa ba a shagon fenti.

Mayarwa ce ta zama aiki. Ya juya wannan, ya kifa wancan, ya cusa, ya matse. Da ya gama, fanka ta tsaya da ƙafarta, amma ga wani noti mai kauri da 'yar washa sun yi saura a tebur suna kallonsa.

"Waɗannan fa?" in ji Baba.

Na-Iya bai ko ƙifta ido ba. "Rara ne, Baba. Masu kamfani ke cusa su don kaya ya yi nauyi a tsuga muku tsada. Su ne ma ke kawo cutar."

Ya jefa su cikin wani tsohon gwangwanin madara, ƙwal.

Aka kunna fanka. Ƙas-ƙas ya tafi, babu shi. Sai dai tana fara juyawa ta sunkuyar da kai a hankali har haɓarta ta taɓa ƙirji, ta shiga hura wa ƙasa iska.

"Me ya sa take kallon ƙasa?"

"Ladabi ne, Baba. Ta ga babba. Kuma zafi ai daga ƙafa yake hawa."

Baba ya tafi da ita yana waiwaye, bai dai yi ƙorafi ba tunda bai biya ba.

A tsallaken titi akwai wani mai sayen tsofaffin ƙarafa da ake kira Mai Gwangwan, yakan ajiye kurarsa a inuwa ya huta. Duk abin nan a kan idonsa aka yi. Ya tsallako, ya leƙa gwangwanin, ya dubi yatsun Na-Iya.

"Malam, hannunka da sauri."

"Kaɗan ka gani," in ji Na-Iya, yana hura hanci.

Na biyu mai aski ne, ya kawo injin askinsa wai yana ɗaukar zafi. Gaskiyar magana leƙen asiri ya zo yi wa Auta. Na-Iya ya buɗe, ya hure, ya rufe. Wani ɗan sifirin siriri, irin murɗaɗɗiyar wayar nan mai tsalle, ya yi saura. Ƙwal, cikin gwangwani.

Ba a jima ba aka ji ihu daga shagon aski. Sai ga wani ƙaton mutum ya fito da mayafin aski a wuya, rabin kansa fes, rabin kuwa daji, inji na reto a jikin gashinsa ya cije ya ƙi saki. Mai aski na biye da shi yana ba da haƙuri, har suka iso asibiti.

"Na-Iya! Me ka yi wa injina? Da yanka yake, yanzu tsiga yake kamar ana figar kaza!"

"Yana ɗaukar zafi?"

"Ba ya ɗauka, amma..."

"To, da me ka kawo shi? Da zafi. Zafi ya tafi? Ya tafi. Maganar cizo wata cuta ce daban, sai ka sake kawo shi."

Ƙaton ya matso, ya tsaya a kansa har inuwa ta rufe teburin. Na-Iya ya tuna cewa yana da uzuri a sama, ya haye matakala bibbiyu.

Daga nan marasa lafiya suka ɗauke ƙafa. Mutane suka koma wucewa ta gabansa da rediyo a ɓoye cikin riga. Ya zauna shiru, yatsunsa na ƙaiƙayi. Ran nan matarsa ta tafi kasuwa sayen zare, ya shiga ɗaki shan ruwa, sai idonsa ya faɗa kan keken ɗinki. Ya kau da kai. Ya sake kallo. Ya ɗora masa tiyo, don gaisawa kawai.

Da ta dawo ta tarar da keke a rufe da ƙyallensa, mijinta kuma yana ta share tsakar ɗaki, abin da bai taɓa yi ba tun aurensu. Nan ta sha jinin jikinta. Ta zauna, ta sa rigar wata mai ɗinki, ta taka. Allura ta yi ta sukan wuri ɗaya, yadi ya ƙi gaba ya ƙi baya, har ta huda rami.

"Baban yara."

"Na'am, ranki ya daɗe."

"Ka taɓa kekena?"

"Taɓawa kamar yaya? Dubiya dai na yi masa."

"Ina haƙoran da ke jan yadi?"

"Au, wannan ɗan ƙarfen mai kama da zarto? Ai ra..."

"Ka ce rara, wallahi yau a ƙarƙashin matakala za ka ci abinci, kai da tiyonka!"

A can ɗin kuwa ya ci. Yana cikin ci Auta ya biyo a kan babur, ya rage gudu, ya ɗaga murya. "Yaya, benci yana gaishe ka! Yau ma na goge shi!"

Na-Iya ya ture kwanon gefe. Ya tabbata in bai yi wani babban abu ba, rusunawa ta zo.

Sai ga dama ta faɗo. Injin da ke tura ruwa daga rijiyar gidan zuwa tankin sama ya fara shaƙewa. Yana turawa, amma da ƙyar, sai an yi ta jan igiyarsa ana lallashi. Matan gidan suka fara hawa da bokiti suna mita. Baba Mai Gida ya ce zai kira makanike, amma da ya ji abin da makanike zai karɓa, sai ciwon gwiwarsa ya tashi.

"Baba, ga likita a gida kana neman na waje?" in ji Na-Iya. "Kyauta zan yi. Fanka da injin aski ai ƙananan yara ne, hannuna ya fi ƙarfinsu, shi ya sa. Ni na manyan injuna ne."

Kalmar kyauta ta yi aikinta. Na-Iya ya aika wa Auta cewa ya zo da yamma ya ga yadda ake aiki, ya taho da mai aski, shaida ya ga ƙarshen shaidarsa.

Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya durƙusa gaban inji. Wayyo, daɗi! Noti na kwancewa kamar suna jiransa. Murfi ya fita, farfela ta fita, robobi, sanduna, ƙananan ƙwallaye, duk ya jera su reras, manya a gefe, ƙanana a gefe, jan ƙarfe daban, fari daban. Har waƙa yake yi. Mai Gwangwan, da ya leƙo ta ƙofar gida, ya yi fito ya cire hula ya mayar.

Da inji ya ƙare, ba sauran abin kwancewa, waƙa ta tsaya. Na-Iya ya dubi tabarma. Tabarma ta dube shi. Ya ɗauki wani ƙarfe mai kama da kunne, ya rasa ko daga sama ya fito ko daga ƙasa. Gumi ya karyo masa.

"Kai Na-Iya," ya ce a ransa, "ka shiga uku, ka kuma shigar da ruwan mutane."

Ya haɗa abin da ya haɗu. Wannan karon rarar da ta yi saura ta fi ƙarfin gwangwani, sai da ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuma, duk da tarin rarar, cikin injin akwai ramuka da ba abin da ya shige su. Sai dabara ta zo masa, irin wadda ba ta zuwa wa mai hankali. Ya jawo gwangwanin madara ya zazzage. Notin wuyan fanka ya shiga wani rami kamar don shi aka yi. Sifirin mai aski ya maƙale a wani lungu. Haƙoran keken ɗinki ya dake su da guduma har suka zauna. Ya rufe murfi, ya goge da hannun riga.

"Ashe ma ajiya nake yi ban sani ba," ya ce, ƙarfin gwiwarsa ya dawo.

Da yamma tsakar gida ta cika. Mata da bokitai, Baba Mai Gida a kan kujera a gaba-gaba, mai aski, har da ƙaton nan da yanzu ya koma sa hula. Can sai ga Auta, kuma ba shi kaɗai ba: ya ɗauro bencin a bayan babur. Ya sauke shi a tsakiyar fili, ya kakkaɓe.

"Na kawo ne ko za ka gaji, Yaya."

Na-Iya ya yi kamar bai ji ba. Ya gyara tiyo, ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku matsa baya kaɗan. Ruwan da zai fito yau, tankin nan bai taɓa ganin irinsa ba."

Ya ja igiya. Inji ya yi tari. Ya sake ja. Inji ya yi atishawa. Ya tofa yawu a hannu ya fizga da ƙarfinsa duka, sai inji ya kama da wata irin kururuwa, ya fara rawa, ya fara tafiya da kansa yana nufar Baba Mai Gida.

"Yana tafiya!" wata mata ta ƙwalla.

"Murna yake yi!" in ji Na-Iya. "Ya sami lafiya!"

Bututun roba ya fizge daga jikin bango ya shiga bulala a iska. Ruwan farko Baba ya samu a ƙirji, ya tafi da shi da kujerar gaba ɗaya. Na biyu ya share shanyar mata daga igiya. Na uku ya cire wa ƙaton hula, rabin askin da yake ɓoyewa ya fito fili. Sai murfin inji ya yi tsalle sama, ƙarafa suka yi ta zubowa kamar ƙanƙara, inji ya yi wani dogon nishi ya mutu.

Tsit. Ba ka jin komai sai ɗigar ruwa daga gemun Baba.

Mai aski ya sunkuya ya tsinci wani abu a gaban takalminsa. "Kai! Wannan ai sifirin injina ne!"

Matar Na-Iya ta tsamo wani ƙarfe daga cikin bokitinta, ta ɗaga shi sama. "Haƙoran kekena! A cikin injin ruwa, baban yara? Ɗinki za ka koya masa?"

Baba ya lalubo noti mai kauri daga cikin aljihun rigarsa da ya cika da ruwa. "Wannan ba shi ne wuyan fankata ba? Kwana da kwanaki ina kwana a ƙasa don in sami iska!" Ya yunƙura zai tashi, ƙafarsa ta ja tabarma, sai ga rabin cikin inji a kwance a ƙarƙashi.

"Wannan kuma fa?"

Na-Iya ya buɗe baki. Duk tsakar gidan suka haɗa baki suka taya shi: "Rara ne!"

Dariya ta ɓarke, har masu leƙe ta taga. Auta ya share hawaye, ya jawo benci ya ajiye a bayan yayansa, ya dafa shi.

"Bismilla. Zauna ka huta. In ka huta sai ka gaishe ni, ga jama'a, ga shaida."

Na-Iya ya dubi bencin. Farar rigarsa ta jiƙe ta manne da tumbi, tiyo na ɗiga. Ya fara yin ƙasa a hankali zai zauna. Mazaunansa saura ƙiris su taɓa katako, sai aka ji murya daga ƙofa.

"Dakata, malam, kada ka zauna."

Mai Gwangwan ne. Ya ratso mutane, ya tsuguna gaban ƙarafan, yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya.

"Ko ɗaya bai karye ba. Ko noti ɗaya bai cinye ba. Ni a filina matattun injuna ne jibge, da firji, da janareto. Ma'aikatana guduma kawai suka sani, kayan da zan sayar da daraja sai su farfasa min. Tun ranar fanka nake kallon hannun mutumin nan. Ban taɓa ganin mai kwance abu kamarsa ba. Malam, za ka zo ka riƙa kwance min?"

Na-Iya ya tsaya a rabin zama, kamar mai shirin tsalle. "Kwancewa kawai?"

"Kawai. Amma da sharaɗi: kada ka haɗa komai. Ko murfin biro ka cire, ka kira wani ya mayar."

A hankali Na-Iya ya miƙe, ya matse gefen rigarsa, ya ɗaga haɓa.

"Ai wannan," ya ce, "na iya."

Aka jira dariya, ba ta zo ba. Matarsa ce ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wannan kam ya iya. Ni shaida ce, kekena shaida ne."

Baba ya kira makanike, ya biya yana ƙunƙuni. Fanka ta ɗaga kai, injin aski ya daina cizo, keke ya koma jan yadi, amma matar Na-Iya ta sa masa kwaɗo, makullin kuma a wuyanta yake kwana.

Shi kuwa Na-Iya, tun da yake bai taɓa farin ciki irin na filin Mai Gwangwan ba. Da sassafe yake fita, a dawo da shi da ƙyar, baƙi ƙirin da mai, yana waƙa. In an tambaye shi aikinsa sai ya ce, "Da likita ne ni, marasa lafiya suka yi ta mutuwa a hannuna. Sai na gane ashe ni ba na masu rai ba ne. Yanzu sai sun mutu ake kawo min, ba mai ƙorafi."

Wata rana ya biya shagon Auta a gaisa. Auta ya nuna masa benci.

"Zauna mana, Yaya. Na yafe rantsuwar."

"A'a, ni ban yafe ba. Tsugunawa ma ta isa."

Ya tsuguna a gefen bencin suna hira, yana ba da labarin wani janareto da ya kwance kafin shayi ya huce, hannunsa ɗaya a ƙarƙashinsa yana 'yan wasanninsa. Da hira ta ƙare ya yi sallama ya fita. Auta ya girgiza kai yana murmushi, ya zauna a kan bencin.

Rigijib! Ƙafafun benci suka yi gabas da yamma, Auta ya yi zaman daɓaro a ƙasa, bokitin fenti ya biyo shi. Mai aski ya leƙo da gudu.

"Yaya!" Auta ya ƙwalla daga ƙasa. "Ina notin bencina?"

Daga tsallaken titi Na-Iya ya ɗaga tsohon gwangwanin madara, ya kaɗa shi, ƙwal-ƙwal-ƙwal.

"Rara ne, ƙanena!"